Mu da Gatarinmu

Mu mutanen Gabi akwai iya yabon Allah. Ran Juma'a masallaci ya cika maƙil, ran Lahadi mu 'yan majami'a, duk da ba mu da yawa, mu yi ta rera cewa shi ya yi sama da ƙasa. Litinin da asuba kuwa sai ka tarar da mu duka a hanya guda, gatari a kafaɗa, amalanke na biye, mun doshi dajin Baban Rafi. Wajen icce dai ɗarikarmu ɗaya.

Jiya a teburin mai shayi na ba da labarin wa'azin fasto kan littafin Farawa, inda aka sa Adamu cikin gona don ya noma ta, ya kuma kiyaye ta. Maƙwabcina Malam ya kwashe da dariya. "Noman dai kun ji," in ji shi, "kiyayewar ce aka faɗa kuna gyangyaɗi. Mu ma an ce mana halifofi ne a bayan ƙasa, amma dubi halifa da gatari."

Baba, tsohon unguwarmu, ya ajiye kofinsa. "Yara, ku yi mana adalci. A zamaninmu manomin kirki shi ne wanda gonarsa ta yi fes kamar tafin hannu. Sassabe a sare, a tara, a cinna wuta. Wanda ya bar sabara a gona rago ne, har neman aure sai ya ba shi wuya. Daga baya iska ta zo tana binne shuka, mutum ya shuka sau uku kafin hatsi ya tsaya, muna ta cewa ikon Allah."

"To Baba, ba ikon Allah ba ne?"

"Ikonsa ne mana. Gatarin ne namu."

Daga nan hira ta gangaro kan Tony Rinaudo, Baturen Ostareliya da mishan ta SIM ta kawo Maradi a 1981. Ya yi ta dashen itatuwa, rana ta kashe wasu, awaki suka yi buɗa-baki da sauran. A 1983 ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda rairayi, ransa a ɓace, ya roƙi Allah gafarar ɓarnar da ake yi wa halittarsa, ya kuma roƙi a buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefe. Ashe kututture ne mai rai, saiwarsa na nan ƙasa, kowace shekara ya toho, kowace shekara a sare. Dajin bai je ko'ina ba, a ƙarƙashin ƙafa yake. Dabarar ba ta cin ko dala: ka zaɓi rassa masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Shi ne sassaben zamani.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari. An ba mutanen ƙauyukan Maradi abinci bisa sharaɗin su bar itatuwa a gona. Kowa ya zama masoyin kalgo. Abinci na ƙarewa, da yawa suka koma suka sare. Wannan halin na san shi, namu ne. Amma waɗanda suka bar nasu suka samu icce a kusa, harawa ga bisashe, gawo na zuba taki, sai maƙwabta suka fara leƙe ta kan iyaka. Kwaikwayon maƙwabci ya yi abin da wa'azi bai yi ba. Yau ana lissafin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, shi kuma Baturen da aka yi wa kallon mai taɓin hankali ya karɓi babbar kyauta a Suwidin a 2018.

Malam ya ce to mun gyaru ke nan. Baba ya ce mun gyaru a gonarmu. Ta maƙwabci da dajin kowa kam, har yanzu ganima ce.

Gaskiyar Baba. Shekara uku ina renon kalgo huɗu a gonata ta bakin gulbi, daren Talata aka kwashe su. Na san sawun jakin. Mai shi yana zama layi na biyu a majami'a, muryarsa ta fi ta kowa. Wannan Lahadin kusa da shi zan zauna.