Yadda Ake Kiwon Manyan Kalmomin Turanci Ba Tare da Sun Tunkuyi Mai Su Ba

Duk wanda ya taɓa halartar muhawarar makarantun sakandare, ya ga yaro ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya cika ƙirji da iska, sa'an nan ya saki wata kalma mai gaɓa shida wadda ko malaminsa sai ya sunkuya ya laluba ƙamus a ƙarƙashin tebur, ya kuma ji yadda ɗakin ya kaure da tafi alhali ba wanda ya fahimci abin da aka ce, to, ya san cewa ƙaunar manyan kalmomi wani ciwo ne mai daɗi wanda da wuya ɗalibi ya kuɓuta daga gare shi. Ni ba na fatan kowa ya warke, domin wannan shauƙi ƙofa ce ta ilmi. Nufina in nuna yadda ake kiwon kalmomin har su saba da mai su, gama babbar kalma tamkar ragon layya take: wanda aka sayo jiya da yamma shi ke tsinke igiya ya tunkuyi mutum a gaban baƙi, wanda kuwa aka yi wata shida ana ba shi dusa da harawa, har bakin masallaci yakan raka ka.

Farkon abin da za ka mallaka, ɗana, ke ma haka 'yata, shi ne ƙamus, kuma sunansa kaɗai ya isa gargaɗi. Shaihun lugga Fairuzabadi, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 15, shi ya sa wa littafinsa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewaye, daga nan sunan ya bi dukkan littattafan ma'anonin kalmomi. Teku kuwa ɗibarsa ake yi gwargwadon bukata, ba a kafa masa baki. Na sha ganin ɗalibi mai himma ya ɗauri aniyar haddace ƙamus daga bango zuwa bango, ya fara da azumi, Babbar Salla ta same shi bai fita harafin farko ba, har ya zama in ƙishirwa ta kama shi a Ingila sai dai ya yi nuni da hannu, saboda kalmar ruwa tana can kusa da ƙarshen littafi. Ka nemi ƙamus irin wanda aka yi domin mai koyo, kamar na Oxford wanda Hornby ya tsara bayan shekarun da ya yi yana karantar da Turanci a Japan, aka buga shi a Ingila a 1948, domin shi kowace kalma yakan fito maka da ita cikin jimla, ka ga da wa take zama da wa take gaba. Na Turanci da Hausa, irin wanda Skinner ya fitar a 1965, sanda ce mai kyau ga mai sabon tafiya, amma kada ka tsufa kana dogara ta.

To, ina ake samun kalmomin? Magabatanmu sun riga sun amsa wannan mas'ala tun kafin Bature ya iso Lakwaja. Almajirin da ya so zurfi a luggar Larabci, a zaurukan Kano da Sakkwato da Zariya, ba jerin kalmomi ake miƙa masa ba, Maƙamatul Hariri ake buɗe masa, hikayoyi 50 na wani tsoho mai wayo da zaƙin baki, ya bi labari yana dariya, kalmomi masu tsauri suna maƙale masa kamar ƙarangiya a gefen wando. Kai ma haka za ka yi. Ka ɗauki The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, wanda aka buga a 1960, ko Burning Grass nasa na 1962 mai labarin Fulani makiyaya, ko Things Fall Apart na Chinua Achebe na 1958. Idan ka ci karo da baƙuwar kalma, kada ka ruga wurin ƙamus kamar wanda kunama ta harba, sai ka dubi maƙwabtanta na gaba da na baya ka yi ijtihadi tukuna, sa'an nan ka duba ka ga ko ka dace. Bayan haka ka rubuta ta a ƙaramin littafin da ka keɓe, ita da jimlar da ka same ta ciki gaba ɗaya, domin kalmar da aka raba da jimlarta marainiya ce, ba ta kwana biyu a ƙwaƙwalwa. Uku a rana sun wadatar, in dai kana muraja'a kowace Alhamis kamar yadda ake wa hadda. A shekara ukun babban aji sun haura 3,000, garken da ko Sarkin Fulani ya gani sai ya yi maka barka.

Akwai kuma wata gajeriyar hanya wadda ɗan Islamiyya ya riga 'yan'uwansa saninta, ita ce ilmin sarfu. Wanda ya gane cewa kitabu da katibu da maktabu duk daga saiwa guda suka tsiro, ba zai sha wuya ba idan aka ce masa mafi yawan dogayen kalmomin Turanci daga Latin da Girkanci suka fito, da yawansu kuma ta hannun Faransanci suka shiga bayan mutanen Normandi sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Saiwar port, alal misali, ɗauka take nufi. Da ka riƙe ta, transport da import da export da portable duk sun zama 'yan gida ɗaya, ka kama uwa 'ya'ya sun biyo. Wasu ma tsofaffin sani ne suka sake riga: sugar ɗin nan sukarinmu ne, zero kuwa da sifili kakansu ɗaya a Larabci.

Sauran magana ita ce fitar da su kiwo, a nan ne ake yawan asara. Yaro ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙar neman kuɗin sabulu, ya loda mata kalmomin da ya tsinta cikin makon duka, har dattijon ya zaga da ita wurin malamin asibiti da akawun alƙali, kowa ya juya ta ya ce da alama dai yaron yana lafiya. Sabulu kuwa bai zo ba. Mai duba takardar WAEC ba shi da haƙurin wannan uba. Insha'i ake nema mai kalmomi 450, kuma kowace kalmar da ka rubuta ba daidai ba, ko ka ajiye ta inda ba muhallinta ba, maki take ci maka, ga shi kuwa ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Saboda haka kafin ka hau kowace kalma a bainar jama'a, ka jarraba ta a gida: ka fassara wa kakarka ita da Hausa, in ta gyaɗa kai ta zama taka, in ta tambaye ka ko zazzaɓin ne ya dawo, ka mayar da ita turke ta ƙara kwana bakwai.

Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya kuma koyar a Midil ta Bauchi, Turawa da kansu sun sallama wa fasaharsa. Ka nemi jawabin da ya yi ranar 1 ga Oktoba 1960, ka karanta shi a bayyane sau biyu, ka ƙirga kalmomin da suka gagare ka. Za ka tarar ba su da yawa, kowace kuwa tana zaune daram a gurbinta. In ka gama, ka ɗauko sabon littafinka ka rubuta uku daga ciki tun yau, kafin a kira Magariba.