Sa Ɗaya, Ƙoda Biyar

Ni dai ban nemi shugabanci ba. Firiza kawai na saya, ta hannu, irin mai murfi a sama, na ajiye a falo saboda kicin ya ƙi ɗaukarta. Uwargida ce ta matsa, wai za ta riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya. To gidana yana bakin titi, a kan layin wutar da ake kira Band A, su kuwa abokan hirata suna cikin lungu, a kan wata tsohuwar taransifoma da ke aiki in ta ga dama. Tun watan Afrilun 2024 aka ɗaga mana kuɗi, yunit ɗin da muke saye ƙasa da naira 70 ya haura 200, bisa alƙawarin wuta awa 20 kullum. Tunda ina biyan kuɗin manya, sai na ga babu laifi in riƙa magana irin ta manya. A majalisarmu ta bayan la'asar, duk wanda ya fara kukan duhu, nakan gyara zama in ce, "Wayyo, har yanzu ana ɗauke muku?"

Cikin watan Oktoba muka haɗa kuɗi mu takwas muka sayi sa na watanda, don nama a wajen mahauta ya zama abin kallo. Ranar Lahadi aka yanka, mahauci ya kasa takwas, kowa ya ɗebi na miyar ranar. Sauran kuma ina za a kai? Wasu na cewa ni na yi tayi. Ni ban tuna haka ba, abin da na tuna shi ne na ambaci cewa firizata ba ta cika ba, kuma faɗin gaskiya ba tayi ba ne. Kafin magariba leda takwas sun kwanta a ciki, kowace da 'yar takarda ɗauke da sunan mai ita, an rubuta da biro. Har Malam Liman ya sa mini albarka.

Litinin, 21 ga wata, da na tashi asuba fanka a tsaye take. Ban damu ba. Na ce wa Hajiya gyara suke yi, kafin azahar za su dawo da ita. Da azahar na ce kafin la'asar. Da la'asar ban je majalisa ba, na ce kaina ke ciwo.

Sai da rediyon mai shayi ya yi bayani muka san girman abin. Babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna tuni ɓarayin daji sun lalata shi, gyara kuma ya gagara saboda rashin tsaro. Ashe Arewa ta jima a rataye da igiya ɗaya, wadda ta taso daga Ugwuaji a Inugu ta biyo ta Apir a Binuwai, ita ce kuma ta tsinke. Kano, Kaduna, Jos, Bauchi, Gombe, duk duhu. Band A da Band E suka zama 'yan uwa ciki ɗaya. Tela, wanda na fi yi wa dariya, shi ya fara zuwa yi mini jaje, fuskarsa cike da annuri.

Masu sani sun ce firiza cikakkiya tana iya riƙe sanyinta kamar kwana biyu, muddin ba a buɗe ta ba. Sharaɗin nan shi ya kashe ni. Kowane mai leda yana son ya ga namansa da idonsa. Alhaji mai shago ya zo ya buɗe, ya latsa ledarsa, ya ce "Alhamdu lillahi, da sauranta," ya rufe. Direba ya zo ya buɗe don ya tabbatar Alhaji bai taɓa tasa ba. Tela ya zo sau biyu, na biyun bai ma duba nama ba, kansa kawai ya tura ciki ya sha sanyi, don zafin bayan damina a Kano ba ya jin bari. Da na ce a daina buɗewa, sai aka fara kallona wani iri. Me mutum yake ɓoyewa da ba ya son a buɗe?

Ranar Laraba na ciro janaretana daga ƙarƙashin bene, ɗan ƙaramin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban tashe shi ba, shi ma kuma bai yafe mini ba. Na bi layi na sayo mai a jarka, lita ta haura naira 1,000. Na ja igiya har kafaɗata ta yi ƙara. Na ciro fulogi na goge da gefen riga, na hura, na mayar, na yi bisimilla, na ja. Igiyar ta biyo ni gaba ɗaya, na zauna daɓas a cikin bahon wanki. Yara suka ruga ɗaki don su yi dariya cikin ladabi.

Mai gyara ya zo ya ɗaura sabuwar igiya, ya wanke kafireta, inji ya tashi. Ya tambaye ni me zan jona. Na nuna firiza. Ya dube ta, ya dubi injin, ya ce, "Yallaɓai, wannan fa ƙwan fitila da fanka aka yi shi dominsu. Lokacin da kwamfuresa za ta tashi, wutar da take fizga ta ninka ta aikinta sau da yawa." Na ce masa ni ne mai injin, na san halinsa. Na jona. Injin ya yi tari, ya yi atishawa, ya fitar da wani baƙin hayaƙi, ya yi shiru. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa bai ce komai ba, wanda a ganina rashin tarbiyya ne.

Ƙanƙara fa? Na zaga unguwa uku. Masu sayarwa sun zama sarakai, guda ɗaya da ake bai wa yaro da canji ta koma sai wane da wane, ga layi. 'Yan garuwa ma sun ƙara kuɗi tunda rijiyoyin burtsatse ba su da abin tura ruwa, mai cajin waya ya ninka farashi, mai niƙa ya bi sahu. Na samo ƙanƙara huɗu da ƙyar, kafin in iso gida biyu sun zama ruwa a cikin aljihun babur ɗin da na aro.

A daren ne wani ya ba ni labarin mai kifi da ke da ɗakin sanyi da babban inji mai shan gas, can wajen kasuwa. Na zuba ledojin cikin buhu biyu, na tari adaidaita sahu bayan isha'i, don ba na son majalisa ta ga an fita da amana. Mun isa muka tarar da jama'a, kowa da buhunsa, har da wani mai kemis rungume da kwalin allurai yana roƙo. Mai kifi ya leƙo ya ce ko allura ɗaya babu wurin sakawa, mu yi haƙuri. Na ce masa naman Liman ne a ciki. Ya ce Allah ya ƙara wa Liman lafiya.

A hanyar dawowa, wajen sha ɗaya da rabi, gari baƙi ƙirin, 'yan sintiri suka tare mu. Tocila ta haska fuskata, ta sauka kan buhu, ta sauka kan jinin da ke ɗiga daga adaidaita zuwa kwalta.

"Baba, me ke cikin buhun nan?"

"Nama ne, ɗana."

"Naman me?"

"Na sa."

"Ina kan san?"

Tambayar ta yi ma'ana, amma kai da ƙafa mahauci ya tafi da su a ladan fiɗa. Mai adaidaita, wanda tun ɗazu yake kirana Alhajin Allah, nan take ya rantse bai taɓa ganina ba sai yau. Na ce su duba takardun da ke jikin ledojin, akwai sunayen masu nama. Suka duba. Ruwan jini ya jiƙa takardun, biro ya narke, babu abin da ya rage sai shuɗin tabo. Wayata ba caji. A ƙarshe aka rako ni har ƙofar gidan mai unguwa, aka tashe shi daga barci, ya fito ɗaure da zane ya haska ni, ya ce, "Au, mai Band A ne? Ku sake shi, ba ɓarawo ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa."

Na shiga gida na tarar da Hajiya zaune a tsakar gida tana fifita. Ta sunsuna buhun, ta ce bai juya ba tukuna, amma gobe war haka sai dai a binne. Ta ce, "Malam, kai da kakarka take ajiye naman layya har watan cika-ciki, da wace firiza take yi?" Kafin in shirya amsa ta aika an taso matan masu ledoji. Aka kafa murhu uku, aka kawo itace da manyan kasake irin na Babbar Sallah. Aka wanke naman, aka tafasa da gishiri da citta da kanumfari, aka narka kitsen, aka shiga suya. Ni aka ba ni muƙamin riƙe tocila, daga baya aka sauke ni saboda wai ina haska inda ba a so.

Ƙamshi ya tashi unguwa. Yaran da ban taɓa gani ba suka bayyana a zaure, kowa da dalilinsa. Sauro ya ci rabonsa a ƙafafuna. Kafin kiran assalatu nama ya soyu ƙarau, an tsame a kwanduna, ga kakide a roba. Matan nan sun ceci sa guda a dare ɗaya, ba fetur ba fulogi, suna yi suna hirar bikin da za a yi a lungu.

Matsalar da ba wanda ya hango ita ce kasko ba ya karanta suna. Leda takwas sun zama tudu ɗaya, nama kuma in ya soyu yakan tsuke. Da safe masu kaso suka hallara, kowa ya dubi abin da aka miƙa masa ya tuna girman ledarsa ta ranar Lahadi. Alhaji mai shago ya ce a tasa akwai tozo. Direba ya ce hantarsa ta fi haka. Sai tela ya ce shi dai ba ya son fitina, a ba shi ƙodarsa kawai. Nan take wani ya ce ai ƙoda a ledarsa take. Kafin a ƙifta ido mutum biyar sun rantse kowannensu da ƙoda sukutum a kasonsa, a kwando kuwa ko ɗaya babu. Ɗana ƙarami, da na lura tun asuba bakinsa ke sheƙi, ya zame ya tafi makaranta da wuri, karo na farko a tarihinsa.

Na tunatar da jama'a cewa Allah ya halicci sa da ƙoda biyu. Tela ya ce wannan sa ne babba.

Aka kai magana gaban Malam Liman bayan azahar. Ya saurari kowa, ya yi bayani mai kyau cewa wanda aka bai wa ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta in ba sakaci ya yi ba. Har na fara murmushi. Sai ya tambaya ko masu nama sun ba ni izinin fita da shi yawo cikin dare. Aka yi tsit. Ya ce don a zauna lafiya, in sayo ƙoda in raba wa mutum biyar ɗin, sadaka ce ba tara ba. Daga nan ya yi gyaran murya ya ce shi bai yi da'awa ba, amma yana kyautata zaton a ledarsa ma ya ga wani abu mai kama da ita.

Wuta ba ta dawo ba sai wajen ƙarshen wata, ita ma kaɗan-kaɗan. Ƙoda shida na saya a wajen mahaucin da ya yanka san, ya kuma tabbatar mini a gaban shaidu cewa tun ranar Lahadin ya yayyanka biyun nan ƙanana ya watsa cikin kaso takwas. Na nemi ya zo majalisa ya maimaita, ya ce shi ba ya shiga rigimar masu ilimi.