Ranar da Bututu Ya Fashe a Layinmu

Mu mutanen Gusau muna da wata ɗabi'a, daga Tudun Wada har Samaru da Gada Biyu. In famfo ya yi kwana biyu bai kawo ba, sai mu bar kansa a buɗe, mu tara bokitin ƙarfe, wai ƙarar zubar ruwa ta tashe mu. Barci kuwa ba ya neman izini. Da asuba uwargida na sauko da ƙafa sai ta ji ta tsundum, tabarma na iyo a tsakar gida, takalman yara sun kama hanyar rariya.

Makon jiya abin ya wuce haka a gidan maƙwabcina. Ruwan ya dawo da ƙarfi, bututun da ya bi gindin katanga ya tsage. Kafin a ce kwabo layi ya cika: mai tsintsiya, mai bokiti, mai fitilar waya, kowa da shawararsa. A nan dai ba a barin mutum shi kaɗai da masifa, kuma wannan halin namu ina alfahari da shi. Amma mun fi mutum goma a tsaye, ba wanda ya san inda makullin ruwan gidan yake, har shi maigidan.

Bayan isha'i maganar ta dawo teburin mai shayi.

"Mu a Tsafe ba mu da likitan bututu da ya wuce robar tayar mashin," in ji wani direba da ke zama da mu. "A yanko ta da tsawo, a naɗe da leda, a ɗaure tamau. Shi ke nan."

Mai gyaran famfon unguwarmu, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ajiye kofinsa. "Yaya, robarka ta kwana ɗaya ce, kuma tana da rana. Matsalarmu, sai mu bar ta ta shekara. In bututu ya fashe, abu na farko a rufe ruwan daga tushe. Mai tanki ya rufe na gindin tanki, ya kashe injin rijiyar burtsatse. In ruwa ya kusa soket ko waya, a kashe wutar gida tun daga babban makunni, kada yaro ya taka. Sannan a buɗe sauran famfuna, abin da ya rage a bututu ya tsiyaye. Sai a zo maganar roba."

"To gam fa, Injiniya?" wani ya tambaya.

"Gam ba ya kama jiƙaƙƙen bututu. Sai an yanke wurin da ya tsage, an goge ya bushe, a haɗa da sabon guntu, a ba shi lokaci kafin a saki ruwa. Mu kuwa muna shafawa muna buɗewa, gobe mu ce gam ɗin jabu ne." Ya ƙara da cewa yawancin fashewar da ake kiransa a kanta, bututun roba ne da aka shimfiɗa a fili, ranar bazara ta gasa shi har ya yi gautsi, sannan mashin ko amalanke ya bi ta kai. Da an binne shi ko da zurfin kamu biyu ne, da ya daɗe. Tun ran gini, tun ran zane.

Wani malamin makaranta ɗan Bungudu ya jawo biro. "Ku bar fashewa, ita ai tana da ihu. Ni ɗigo nake tsoro. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 30 a wuni. Ya fi jarka mai lita 25. A shekara, jarka sama da 400." Wurin ya yi tsit, don ba wanda bai taɓa tsayawa bakin titi yana ɗaga wa mai ga-ruwa hannu ba. Mu da ke cinikin jarka ɗaya kamar za mu sayi tunkiya, mu ne ke wuce famfo yana hawaye mu ce gobe. Maganin kuwa sau da yawa 'yar robar cikin kan famfo ce, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba.

Malam bai tsaya nan ba. Ya ce mu dubi bututan da suka ratsa kwatami a lungunanmu. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake fita ta tsagar. Ran da aka ɗauke, ruwan kwatamin ne ke samun hanyar shiga, ya jira ranar da za a kawo, ya iso randarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan amai da gudawa ke farawa, mu ce iska ce ta kama yaro.

Dattijon layinmu, da tun ɗazu yake jan carbi, ya gyara murya. "'Ya'yana, ni abin da ya fi damuna katanga ce. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa. Yoyon gidanka yana jiƙa tushen ɗakin maƙwabcinka wata da watanni, ruwan Agusta ya zo ya ƙarasa, a ce damina ta yi ɓarna. Haƙƙin maƙwabci ne wannan, kuma za a tambaye mu." Ya tuna mana ƙarshen Satumban 2006, lokacin da madatsar ruwan Gusau da ke kan Gulbin Sakkwato ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ta tafi da ɗaruruwan gidaje, garin kuma ya shiga ƙishin ruwan famfo. "Wanda ya ga wannan," in ji shi, "ba ya raina ruwa, ko da yawansa ko da rashinsa."

Da na shiga gida na ba gwaggona labari, sai ta ce, "Kun gama shawararku a waje. To wa ke gida da hantsi in abin ya faru? Mu ne. Ku nuna mana makullin, ku nuna wa yara masu wayo, ku rubuta lambar Injiniya a bangon zaure." Ban da abin cewa, don gaskiyarta ta fi ta teburin shayi duka.

Washegari da safe layinmu ya tashi da neman makulli. Na maƙwabcina an same shi ƙarƙashin tarin itacen girki, ya yi tsatsa har sai da aka ɗiga masa man inji kafin ya juya. Na gidan dattijon layinmu yana bayan turken akuya. Gidaje biyu ba su da shi sam, Injiniya ya sa musu kafin azahar. Yanzu kowanne an kewaye shi da bulo, an shafa masa jan fenti, kuma in famfo ya ɗauke, kansa a rufe yake kwana.