Wata Takwas Ina Ciyar da Yashi

Ranar da na shigo da tankin gilashi falo, uwargida ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan na jiƙa wanki ne ko na ruwan sha?" Na ce na kifi ne. Ta ce to madalla, dama kifi ya yi tsada a kasuwa. Ban samu bakin gaya mata a ranar cewa waɗannan ba a cin su ba.

Lita 80 tankin yake ci. Na wanke yashi sau bakwai kamar ƙwaryar da kare ya sa wa baki, na dasa ciyayin ruwa, na haɗa injin tace ruwa, na bar shi yana aiki mako uku ba kifi ko ɗaya, don ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar kifi su samu zama a cikin soson injin. A duk labarin nan, wannan kaɗai na yi daidai.

Saman ruwa bai ba ni wahala ba, 'yan gupi na zuba masu wutsiya kamar gyalen amarya. Ƙasan ne ya zama aiki. Abin da raina ya kwanta da shi shi ne loc, wani dangin kifi da ke zama a gindin ruwa, mai gashin baki kamar tarwaɗa amma ba 'yan gida ɗaya ba ne. Asiya da Turai ne garinsu. A duk Afirka ba a samun su sai a Habasha da Maroko, shi ya sa kakanninmu da suka raɗa wa tarwaɗa da kurungu da gaiwa da minjirya suna ba su bar mana na wannan ba.

Sai na ari littafin autana na makaranta, na ja layi da rula, na shiga rubuta kowane iri da ƙasarsa da tsawonsa da zafin ruwan da yake so da halinsa. Ko binciken asalin surukai ba a yi masa wannan ƙwazo. Dojo na fara sokewa, na China da Japan da Koriya. Yana kai santimita 25, kuma ruwan sanyi yake so. Na ji takaicin rabuwa da shi, don an san shi da rikicewa yana sama yana ƙasa idan hadari ya kusa, da ya riƙa gaya mana ranar da za a kwashe shanya. Wanda ya ci jarrabawar littafin shi ne ɗan sarƙa na ƙasar Tailan, wanda masana ke kira Ambastaia sidthimunki. Ba ya wuce santimita 6, da rana yake yawo a garke, yana kuma cin ƙananan katantanwa. A kogunansu na asali ya yi ƙaranci ƙwarai, waɗanda ake sayarwa na kiwo ne, tsadarsu kuwa sai mai zuciya.

Na tafi wurin mai kifin ado da littafina a hammata. Mutumin nan Alhaji yake ce mini, ni da ban taɓa taka matakalar jirgi ba. Na ce ɗan sarƙa nake so. Ya ce, "Alhaji, yana hanya daga Legas, sai mako mai zuwa." Har yau da nake wannan rubutu yana hanya.

Ya nuna mini wani tanki da ban ga komai a ciki ba sai guntun bututu. Ya ɗaga bututun, sai ga wasu abubuwa suna wutsil-wutsil, sirara kamar fensir, jikinsu da zobe-zoben ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa. Kuli ke nan, na tsibiran Indonesiya da yankin Malesiya, wanda aka raɗa wa sunan wani Bajamushe masanin halittu, Heinrich Kuhl. A littafina na rubuta: santimita 8 zuwa 10, ruwa mai ɗumi daga digiri 24 zuwa 30, ba ya faɗa, yana son 'yan uwa. A can ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, na rubuta "da dare yake fitowa", ban kuma tsaya na yi tunanin abin da hakan ke nufi ba. Na sayi shida.

A gida na ce wa uwargida na kawo kuli. Ta ce in miƙo ta daka mana na kwaɗon zogale. Na nuna mata ledar, ta ja da baya tana salati, wai 'ya'yan maciji na kawo gidan da ke da yara. Na saki kulin a ruwa. Kafin in ninke ledar, shida sun zama sifili. Ko sallama babu.

Kwana ɗaya, kwana uku, mako biyu. Kowane dare bayan isha'i ina jefa ƙwayar abinci mai nutsewa, da safe in tarar babu ita. Da farko wannan ya kwantar mini da hankali, har sai da na lura katantanwar da suka biyo ciyayin ruwa sun hayayyafa, sun lulluɓe gilashi kamar ƙudan mahauta. Na ce shi ke nan, kuli sun mutu, waɗannan ne ke cin gadonsu. Amma ban daina jefa abincin ba, saboda kunya. Uwargida kan leƙo ta ce, "An ba yashi abincin darensa?"

Katantanwar ce ta mayar da ni wurin mai kifi. Wannan karon ya ba ni wani ɗan Indiya, na kogin Ganges da rassansa, fari-fari mai baƙin zane. Idan ka ƙura wa gefen ƙaraminsu ido za ka ga zanen kamar haruffan boko, Y da O da Y da O, daga nan sunan ya fito. Na tambayi girmansa. Ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ya girma." Littafina ya ce santimita 13 zuwa 15, amma littafin yana gida.

Na zuba uku a tanki na tafi aiki. Daga ofis na buga waya cikin murna na ce, "Kin ga yoyo a tankin?" Sai na ji ƙarar faɗuwar wani abu, aka kashe wayar. Da na dawo na tarar an naɗe kafet an jingine a tsakar gida, an fitar da talabijin, an kewaye tankin da tsummokara da baho biyu, uwargida da yaran maƙwabta suna bin kusurwoyin gilashin da tocila suna neman inda ruwa ke fita. Awa huɗu suka yi. Da na yi bayani ba wanda ya yi dariya. Ni na mayar da kafet, ni kaɗai.

A yi wa yoyo adalci, ya san aikinsa. Yakan kife katantanwa, ya zura baki ya zuƙe ta kamar mai shan ɓargo, ya bar ƙoƙon. Cikin mako uku tanki ya yi fes. Da katantanwa ta ƙare sai ya koma tonon ciyayina, yana bin gupi yana tsokana, yana girma a gaban idona kamar ɗan maraƙi.

Na uku ba ni na zaɓa ba, auta ne. Na yi kuskuren tafiya da shi shagon, ya manna fuska a gilashi ya ce, "Abba, wancan." Kifi ne ruwan lemo mai faffaɗan baƙin zane uku da jajayen fukafukai, tsawonsa bai fi ɗan yatsana ba. Turawa na kiransa da sunan mai ba da dariya, mu a gida muka sa masa Wawan Sarki. Daga Sumatra da Borneo yake. Wannan karon littafin yana hannuna, na buɗe na nuna wa mai kifi inda na rubuta santimita 30, shekara 20 a duniya ko fiye. Ya karanta a tsanake, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wancan na ƙasar waje ne. Wannan irin ƙanana ne." Na dubi littafi, na dubi fuskar auta, na biya.

Kwana biyar da zuwansa muka fara jin ƙas, ƙas, ƙas a falo bayan an kashe fitila. Uwargida ta ce ɓera ne, na ɗana tarko. Tarko bai kama komai ba, sai ta fara kunna karatu da daddare. Ashe Wawan Sarki ne, haka suke yi da haƙoran maƙogwaronsu idan suna cin abinci ko suna nishaɗi.

Wata safiyar Asabar kuwa na fito na gan shi kwance a kan gefensa, jikin dutse, ko motsi. Na yi innalillahi. Auta ya fashe da kuka, ya ɗauko kwalin ashana, na ce ba zai shiga ba, ya ɗauko na sabulu. Muka haƙa rami a gindin darbejiya, yaran maƙwabta suka taru, har da wanda ya zo da hula. Na zura 'yar koma don in ɗauko gawa. Gawa ta zabura, ta zaga tankin sau biyu, ta faɗa cikin komar ta maƙale. A ƙarƙashin kowane idon kifin nan akwai wata ƙaya da yake ɓoyewa, sai ya tsorata yake miƙe ta, sunansa na kimiyya ma, macracanthus, ma'anarsa babbar ƙaya. Garin ɓanɓare shi daga zaren komar ya caka mini ita a babban yatsa. Na yi wata ƙara da ba ta dace da magidanci ba. Barci yake yi, haka suke kwanciya. Yaran suka watse ransu a ɓace, an hana su jana'iza.

Wanda ya mutu da gaske laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Wani ɗan Biyetnam ne, Sewellia lineolata, shimfiɗaɗɗe kamar ganye, da zane kamar aikin hula, yana manne wa gilashi da cikinsa. A ƙoramun duwatsu masu gudu yake rayuwa, ruwa mai sanyi da iska sosai, digiri 20 zuwa 24. Ni kuma a Kano nake. Na saye su biyu a cikin hunturu suka yi ta walwala, na ɗauka na fi littafi sani. Sai azumin 2023 ya faɗo a tsakiyar bazara. Ma'aunin da ke jikin tanki ya nuna 32, aka kuma ɗauke wuta, injin ya tsaya. Ruwa idan ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. Na tsaya a kan tanki da mafici ina fifita, ina ɗiban ruwa da kofi ina zubowa daga sama. Da la'asar ta yi na ga abin ba na wasa ba ne, na buɗe kula na kwashe ƙanƙarar da aka saya don buɗa-baki, na jera ledojin a saman ruwa. Aka kira magariba, gida ya sha kunun tsamiya da zoɓo mai ɗumi kamar ruwan wankan jego. Ba wanda ya ce mini uffan, kuma da an yi maganar da ya fi mini sauƙi. Kifayen biyu ba su ga sallah ba.

Da Hajiyarmu ta zo yawon sallah ta zauna gaban tankin ta daɗe tana kallo. Ta tambayi wanne ake ci. Na ce babu, amma akwai danginsu, dojo, da mutanen Koriya ke miya da shi. Ta ce, "To su ne masu hankali." Ta tambayi nawa ne a ciki, na lissafa, na ƙara da kuli shida da nake zaton sun rasu. Ta ce, "Ka ga gawar?" Na ce a'a. Ta ce, "To kai da wa ka yi zaman makokin?"

Zuwa watan Yuni yoyo sun yi ƙiba, Wawan Sarki ya doshi santimita 10, kuma shi ɗan garke ne, zaman kaɗaici na cutar da shi. Wani abokin aikina mai tankin lita 500 da irinsa guda biyar ya karɓe su duka. Na yanke shawarar kwashe tankin in wanke in sake lale. Na rage ruwa, na zura hannu cikin yashi, sai wani abu ya silale ta tsakanin yatsuna. Ɗaya. Na ɗaga dutse, biyu, uku. Ƙarƙashin guntun itace, huɗu da biyar, sun nannaɗe juna kamar taliya. Na shida a cikin injin tace ruwa na same shi, bayan soso, ya fi duk sauran ƙiba.

Na fita tsakar gida hannu na ɗigar ruwa ina kiran uwargida, ina cewa suna nan, duk shidan suna raye. Ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Ai kullum suna fitowa kafin asuba. Duk azumin nan tare muka yi sahur. Mai zama a injin ne kawai ba ya son mutane."

Na ce, "Wata takwas! Me ya hana ki gaya mini?"

Ta ce, "Ai kai ne mai littafi."

Washegari na saita agogo ƙarfe huɗu. Na lallaɓo ba takalmi, na tsuguna gaban gilashi da tocila a hannu. Yashi, dutse, itace. Daga ɗaki na ji muryarta: "Maigida, takunka suka ji. Ka koma ka kwanta, idan sun fito zan gaishe maka da su."