Goyon Gaba a Zauren Surukai

Tun bayan da dokar shekarar 2011 ta kafa TETFund, wato asusun da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, malamai da dama daga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran manyan makarantun Bauchi sun tafi ƙaro karatu a ƙasashen waje, kuma Malesiya tana cikin ƙasashen da suka fi kwasar su, saboda kuɗin makaranta da na zama sun fi na Ingila sauƙi, ga masallatai da abincin halal ta ko'ina. Waɗanda suka tafi da iyali suka kama haya a Serdang ko Skudai, inda manyan jami'o'in ƙasar biyu suke, sukan gano wani abu da babu takardar neman gurbin karatu da ta ambace shi, wato cewa renon yaro a Bauchi aikin gayya ne, wanda kaka da goggo da ƙanwar miji da 'yar riƙo da matar maƙwabci duk suke da hannu a ciki, alhali a ɗakin haya na bene hawa na goma babu kowa sai miji da mata. A irin wannan zama ne magidanci, wanda a gida bai san inda ake ajiye soson wanka ba, yake koyon wanke-wanke da dama madarar gwangwani da sauya kunzugun zamani, wanda aka fi sani da famfas, har ya kai ga goyo. A nan ne kuma matar, da yake babu wanda za a ji wa kunya, take fara kiran mijinta da sunansa na yanka, wato sunan da aka raɗa masa ranar suna, tun tana yi da raɗa har ta koma yi da ƙarfi daga ɗakin girki.

Wannan sauyi na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin ya ci karo da alkunya, wadda ita ce kamun kai da al'adar Hausawa ta ɗora a tsakanin wasu dangi: mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai dai ta ce maigida ko Malam ko baban wance, iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kuma nuna sun damu da shi a gaban manya, suruki da sirikinsa kuwa ba sa haɗa ido, balle cin abinci a kwano ɗaya. A unguwannin cikin ganuwar Bauchi, garin da Malam Yakubu ya kafa a 1809, waɗannan ƙa'idoji sun yi laushi a wasu gidaje amma ba su mutu ba, kuma inda suka fi ƙarfi shi ne zaure, ɗakin shiga gida inda maigida yake karɓar baƙi maza.

Misalin da za a duba a nan ya shafi wani malami da ya dawo hutu da matarsa da 'yarsu ta fari, kuma majiyar bayanin ba ta wuce shi kansa ba, wanda har yanzu ba ya iya wucewa ta unguwar surukansa da rana. An tsara tafiyar ne bisa lissafin kuɗi, domin yawancin kamfanonin jiragen sama suna karɓar kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin kujera ga yaron da bai cika shekara 2 ba, bisa sharaɗin ya zauna a cinya, saboda haka aka yi gaggawar tasowa ana saura 'yan makonni yarinyar ta cika shekarun, wato daidai lokacin da yaro ya iya gudu, ya iya ƙi, ya kuma fara maimaita duk abin da ya ji ba tare da tacewa ba. Daga Kuala Lumpur zuwa Kano ta Doha akwai kimanin awa 14 a sama, ban da zaman jira, kuma yarinyar ta shafe su a tsaye. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano aka ɗauki shatar mota, aka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, tafiyar kusan kilomita 300 wadda ke wucewa ta kusa da filin jirgin saman Bauchi na Durum, inda matafiyi mai ɗauke da yaro yakan kalli ginin ta taga ya yi ajiyar zuciya. Da yake Malesiya ta riga Nijeriya da awa 7, la'asar ɗin Bauchi tsakar dare ce a jikin yarinyar, kuma a wajen Ningi barci ya ɗauke ta a ƙirjin ubanta, a cikin jakar goyo.

Jakar goyo wani magoyi ne na zamani da ke riƙe yaro a gaba, fuskarsa na kallon ƙirjin mai goyon, yana da igiya biyu a kafaɗa da ɗamara a ƙugu, da kuma wani maɓallin roba da ke kullewa a tsakiyar baya, daidai wurin da hannun ɗan Adam ba ya kaiwa sai da taimako. Da motar ta tsaya a ƙofar gidan surukai, ƙannen matar suka fito da guɗa suka yi ciki da ita, sai wani yaro ya zo ya ce Baba yana zaure da mutane, an idar da la'asar, ana jiran Dakta, laƙabin da mutanen unguwa suka ba shi tun ranar da ya samu biza. Zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya tashi yarinyar, wanda ƙwarewa ta nuna masa cewa kukan awa guda ne, ko kuma ya shiga zauren surukinsa da 'yar fari ɗaure a ƙirji, abin da ba a taɓa jin wani ɗan gidan mutunci ya yi ba. Sai ilimi ya yi halinsa, ya samar masa da zaɓi na uku: ya zaro babbar rigarsa ta farar shadda daga akwati, ya zura ta a kan komai, bisa hujjar cewa babbar riga a buɗe take ta gefe biyu, iska za ta shiga, kuma gaisuwar minti biyar ce.

Dole a yi wa dabarar adalci, domin ta yi aiki a farko fiye da yadda aka zata. Dattawan da ke zaune a kan tabarmi suka dubi tudun da ke gabansa suka yi masha Allah, ɗaya ya ce lallai ƙasar ta karɓi Dakta, wani ya ce ai ilimi ba ya zama sai da mazauni, surukin kuwa, wanda ya sunkuyar da kai yana jan carbi kamar yadda ya dace, ya ce madalla. Malamin ya cire takalmi, ya durƙusa, kuma a durƙuson ne lissafi ya ɓaci, domin mutumin da ya durƙusa gwiwoyinsa sukan taso su matse duk abin da ke gabansa, abin da ke gaban nasa kuwa ciki ne da ya sha madara da ruwan lemo da ayaba tun daga Doha. An ji wani sauti, gajere amma cikakke, wanda dattawan suka jingina wa tumbin Dakta, suka kawar da kai saboda kara. Limamin unguwa, wataƙila don ya rufe abin, ya ɗaga hannu ya fara addu'ar dawowa lafiya, kowa ya ɗaga nasa.

A tsakiyar addu'ar, bayan an roƙa wa baƙo albarkar karatu ana shirin roƙa wa iyalinsa, tumbin ya motsa. Ya motsa hagu, ya motsa dama, sannan wani ɗan kai mai kitson kalba ya ɓullo ta wuyan babbar rigar, ya ture haɓar malamin sama har hularsa ta zame ta rufe masa ido ɗaya, ta yadda wuyan riga guda ya ƙunshi kai biyu, ɗaya na kallon jama'a cikin addu'a, ɗaya na kallon na farkon cikin fushi. Liman ya tsaya don ya ja numfashi. A cikin wannan shirun ne yarinyar, wadda ba ta taɓa haɗa kalma uku daidai ba, ta kira ubanta da sunansa na yanka, da irin jan wasalin ƙarshe da mutum ke yi idan yana kira daga wani ɗaki, da muryar da duk wanda ke zauren ya gane ta wace ce tun tana 'yar Islamiyya, ta ce: "Wane, zo ka wanke kashi."

Wani dattijo da ke can kusurwa, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya shafa ya ce amin.

An samu saɓanin riwaya a kan abin da ya biyo baya, kuma malamin ya bi kowace riwaya dalla-dalla a dararen da barci ya ƙaurace masa. Yaran da ke leƙe ta ƙofa sun ce sau biyu ta faɗa, na biyun da ƙarin kalmar maza. Liman, a cewarsu, bai sauke hannunsa ba, ya bar su a sama yana kallon tafukansa kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Shi malamin abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne tsarin tonon asirin, domin jimla ɗaya mai kalma biyar ta sanar da zauren abubuwa huɗu a jere: cewa 'yarsu tana kiran mijinta da suna, cewa tana aikensa, cewa aikin da take aikensa shi ne wannan, kuma cewa yana zuwa, tunda ba a maimaita kiran da ba a amsawa har yaro ya haddace shi. A daidai lokacin kuma wata taswira mai ruwan ɗorawa ta fara bayyana a gaban farar shaddar, a ƙasan aikin aska, tana faɗaɗa a hankali, shi kuwa ƙafafunsa sun yi sanyi a durƙushe, hannunsa na dama ya shige ta cikin riga yana lalubar maɓallin da ke tsakiyar baya bai samu ba, ta yadda mai kallo zai ɗauka susa yake yi.

A nan ne wani maƙwabci ya shigo cikin al'amarin, tsohon direban babbar mota wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin Bauchi da kudu, kuma bayaninsa ya cancanci a adana shi fiye da duk abin da aka faɗa a ranar. Ya gyara zama, ya cire goro daga baki, ya ce: "Dakta, ta ina kuka biyo?" Da aka ce ta Ningi, sai ya girgiza kai ya ce ai shi ke nan, hanyar Ningi tana kaɗa ciki, da ta Jos aka biyo da hakan bai faru ba. Ba wanda ya tunatar da shi cewa daga Kano aka taso, kuma ko an tunatar da shi ba zai ja da baya ba, domin nan take ya wuce batun lodi, ya ce shi a tsawon aikinsa bai taɓa ganin an ɗora kaya a gaban mota ba, kaya a baya ake ɗaurawa, shi ya sa Allah ya yi wa mata basirar zane da majanyi, kuma wanda duk ya ƙera wannan jaka bai taɓa tuƙi ba. Ya ƙara da cewa ya ga mutanen ƙasar a Makka shekarar da ya sauke farali, mutanen kirki ne masu tafiya a layi, amma shinkafa suke ci safe da rana da dare, wadda ba ta riƙe cikin babba balle na yaro, saboda haka a fara ba yarinyar tuwon dawa da miyar kuka tun daga daren nan, kuma a guji ba ta masa sai ta kwana bakwai, domin masar Bauchi ba a shigar ta kai tsaye.

Duk wannan yana gudana ne malamin na durƙushe, yarinyar ta kama gemunsa da hannu biyu tana nazarin jama'a. Direban ya matso kusa, ya rage murya zuwa matakin da har na bakin titi za su ji, ya ba da shawarar da ya kira ta sirri. Ya ce idan irin haka ta sake faruwa, abin da namiji zai yi shi ne ya waiwaya bayansa da sauri kamar wani ake kira, domin masu irin sunan suna da yawa a gari, shi kansa ya san mutum uku a tashar Muda Lawal. Da ya lura cewa bayan malamin bango ne, sai ya ce to a gaba ya riƙa zama kusa da ƙofa. Ya kuma kawo shawarar a sauya wa Dakta suna gaba ɗaya, tunda wannan ya riga ya shiga bakin yara, ya ce rago ɗaya ya isa, kuma yana da wanda zai sayar da sauƙi. Game da maɓallin baya, ya nemi a kawo wuƙa, da malamin ya yi ƙarfin hali ya ce jakar tana da tsada, sai ya tambayi kuɗinta, aka juya masa ringit zuwa naira, ya yi salati, ya ce a bar wuƙar, gara a yanka rigar.

Surukin, wanda tun ɓullowar kan bai ɗago ba, sai dai kafaɗunsa da ke rawa a hankali, ya ajiye carbinsa a kan buzu. Ya dubi jikarsa, ya ce mata amarya barka da zuwa, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki mata, ita kuma ta dube shi sama da ƙasa ta sake maimaita jimlarta, wannan karon tana nuna ubanta da yatsa don kada a samu ruɗani. Dattijon ya mai da kallonsa ga bango, domin har a wannan hali bai yarda ya haɗa ido da sirikinsa ba, ya share hawaye da hannun riga, ya ce: "Malam, tashi mana. Ai kiranka ake yi."