Wace Jam'iyya Za Ka Dangwala Wa? Shawarwari Daga Wanda Aka Ɓata Wa Bango

Ba sai na tambaye ka ba, mai karatu, na san kai ma sun zo gidanka. Ka kwanta ƙofarka fes, ka fito sallar asuba ka tarar da wasu manyan fuskoki suna yi maka murmushi a jikinta, an manna su da gam irin wanda ba ya fita sai ya tafi da fenti. Nawa bangon ko watan da aka fente shi bai ƙare ba, kuma har yau raina a ɓace yake. Don haka ba zan tsaya ce maka ka yi rajista ko ka karɓo katin zaɓe ba. Wanda ya sha rana a layin karɓar kati ya wuce wannan wa'azin. Abin da ya rage mana shi ne ranar da aka miƙo takarda, ina babban yatsa zai sauka.

Shawara ta farko, ka sani fuskar nan da ke ƙofarka ba za ka gan ta a takardar ƙuri'a ba. A Najeriya alamar jam'iyya da haruffan sunanta kawai ake bugawa: tsintsiya, lema, doki, zakara, makulli, da sauransu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 jam'iyyu 18 ne a jere. A 2019 kuwa 'yan takara 73 ne, sai da mutum ya bi takardar da yatsa yana lalube kafin ya ga tasa. Ka haddace alamar tun daga gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙuri'u fiye da 900,000 aka ce sun lalace a 2023, kuma kowace ɗaya mutum ne da ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a rana.

Ta biyu, bayan ka haddace alamar, ka bincika su wane ne a ƙarƙashinta a wannan makon. Da gaske nake, a wannan makon. Jam'iyya a ƙasar nan gidan haya ce: lambar gida tana nan, 'yan haya ne ke canzawa, kuma in za su tashi ba sa yi wa maƙwabta sallama. Atiku Abubakar ya yi mataimakin shugaban ƙasa a PDP, ya yi takarar 2007 a AC, ya dawo PDP, ya shiga APC a 2014, ya koma PDP a 2017, ya sake fita a 2025. Kwankwaso ya bi PDP, APC, PDP, ya je NNPP a 2022. Peter Obi daga APGA zuwa PDP zuwa LP. Marigayi Buhari ya yi ANPP da CPC kafin APC. Tinubu ya bi ta AD da AC da ACN. Ban ware kowa ba don kada wani ya ce da nasa nake.

Kai kuma talaka, an bar ka da hular da ka saya da kuɗinka da gabar da ka ƙulla da maƙwabcinka. Kun daina gaisawa saboda ubangidanka ya zagi ubangidansa, sai ga shi wata safiya ka buɗe waya ka gan su biyu a falo ɗaya suna dariya, an ɗaga hannu sama. Ku kuwa har yanzu matanku ba sa aron turmi a tsakaninsu.

Dubi Zamfara. A 2019 aka ce APC ta lashe, Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba, ta soke ƙuri'unta, Bello Matawalle na PDP ya hau kujerar gwamna. A 2021 ya sauya sheƙa zuwa APC. A 2023 PDP ta kayar da shi da Dauda Lawal. Yanzu don Allah, mutumin Gusau da ya rantse shi ɗan jam'iyya ne na mutu-ka-raba, sau nawa zai canza hula? A Kano ta Tsakiya ma, a 2023, hukumar zaɓe ta sanar da Malam Ibrahim Shekarau a matsayin wanda ya ci kujerar sanata a NNPP, alhali ya bar jam'iyyar tun watanni kafin zaɓe ya koma PDP. Sai kotu ce ta tabbatar da Rufa'i Hanga. Mutane sun dangwala wa kayan marmarin NNPP, sannan suka koma gida suna jiran a gaya musu wa suka zaɓa. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya bar kujerar, sai fa in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. Shi ya sa duk mai shirin tafiya sai ya fara gano ɓaraka a jam'iyyarsa, ko da jiya shi ya jagoranci taronta. Wannan abu yana ci mini rai, domin ƙuri'ata ce ake ɗauka a kai wa wanda na fito musamman don in kayar.

Ta uku, kada ka kai tambayar wa za a dangwala wa gaban dangi. Na kai, na ji jiki. Kawuna ya ajiye butarsa ya ce, "Ɗana, gidan nan tun zamanin NEPU ba mu taɓa bin masu mulki ba." Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, ai wanda kuke bi yanzu shi ne ke mulkin." Ya ce wannan daban. Gwaggo ta ce ita wanda ya aiko mata da atamfa shi ya san da zamanta, sauran kuwa ba ta san su ba, su ma ba su san ta ba. Zauren WhatsApp na zumunci, wanda aka buɗe don sanarwar suna da rasuwa, ya koma filin daga, ana turo sautin murya na minti tara-tara da tsakar dare, har sai da babban yayanmu ya fice, aka bi shi gida ba da haƙuri.

Da dare ka kunna rediyo don ka huta, sai sojojin baka. Ina girmama iya maganarsu, wallahi akwai masu hikima a cikinsu. Amma mutumin da bara ya rantse maka cewa wane ɓarawo ne, bana yana rantse maka cewa wanen nan waliyyi ne, da murya ɗaya, a fili ɗaya, da kiɗa ɗaya a bayansa. Ba za ka taɓa jin ya kawo maganar farashin buhun taki ko ranar da za a gyara taransifomar unguwarku ba. Habaici ne da gugar zana har lokacin da aka saya ya ƙare. Da rana kuma motar lasifika ta zo ta tsaya daidai tagar da jariri ya samu barci da ƙyar. Ina dalili?

Ta huɗu, ko ta biyar ce, maganar taliya. Ba zan zagi matar da yaranta suka kwana da yunwa ba don ta miƙa hannu ta karɓa. Wanda ya bari ta kai ga haka, sannan ya dawo da leda a hannu yana neman godiya, shi ne abin zargi. Lissafin kawai nake so a yi. Wa'adin mulki shekara huɗu ne, kwana fiye da 1,400. Taliya da sabulu da ɗan magi ba su kai Juma'a. In ka shiga wurin dangwalawa kuma, kai kaɗai ne da Ubangijinka, doka ba ta yarda kowa ya leƙa takardarka ba.

Sai batun sauraro, wanda ya kamata a ce shi na sa a farko. Ka saurari abin da 'yan takara suke faɗa da bakinsu, ka bar abin da mawaƙansu ke faɗa. Kafin zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye suka faɗa ba. Mu a lokacin muna layin banki da wurin masu POS saboda canjin kuɗi, muna sayen naira da naira, waƙa kuma tana tashi, ana rawa. Ranar 29 ga Mayu aka sanar tallafi ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kowa ya riƙe baki. Wannan karon in ɗan takara ya zo, a kashe kiɗan tukuna. A tambaye shi fetur, a tambaye shi lantarki, a tambaye shi yadda manomin Birnin Gwari ko na Maradun zai je gona ya dawo. In amsarsa ita ce abokin hamayyarsa ya fi shi muni, to bai ba ka amsa ba.

Lambobin sun ɓace mini, mu ci gaba haka. Ranar zaɓen shugaban ƙasa takarda uku za a ba ka: ta shugaba, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Za a ce maka sak, daga sama har ƙasa. Sak ɗin nan ya kai mutane Abuja waɗanda ko a layinsu ba za su ci kansila ba, sun raɓe a inuwar wani sun wuce. Sanatoci 109 da wakilai 360 su ne ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da ake ciyowa da sunanka. Babu dokar da ta hana ka yin wake da shinkafa, ka ba wannan jam'iyyar sama, ka ba waccan ƙasa, in can mutumin kirkin yake. Hukumar zaɓe tana fitar da jerin sunayen 'yan takara kafin zaɓe, tana kuma liƙa takardunsu a ofisoshinta. Ka je ka duba, ka rubuta suna uku da alama uku a takarda ka sa a aljihu. In wanda ke kai ne yake neman komawa, ba ka buƙatar malamin duba: leƙa firamaren unguwarku ka ga ko yara na zaune a ƙasa, shiga asibitin sha-ka-tafi ka tambayi magani, murɗa famfon burtsatsen da aka rubuta sunansa a jiki da manyan baƙi ka ga ko ruwa zai zo. Haka za ka yi wa gwamna da ɗan majalisar jiha, wanda da yawanmu ko sunansa ba mu sani ba sai ya zo gaisuwar mutuwa da 'yan rakiya.

Na san abin da ke bakinka, domin kullum ina jinsa a majalisa da wurin mai shayi: duk kanwar ja ce, ni ba zan fita ba. Wannan maganar ta fi fostar bangona ɓata mini rai. A 2023 mutum fiye da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma ƙuri'unsa ba su kai miliyan 9 ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka duk waɗanda suka fita fiye da sau biyu, amma kuɗin mota da na asibiti tare muke biya, ba a rage wa kowa don bai yi zaɓe ba.

Don Allah, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa, ku fita. Ka dangwala a cikin layin alama ɗaya, ka naɗe takardar yadda tawadar ba za ta shafi wata alamar ba, ka jefa a akwatin da ya dace, sannan ka tsaya a rumfar har a ƙirga ƙuri'un a gabanka a karanta sakamako da ƙarfi.