Jirgin Ƙasan Madawa, Buza da Keita: Bayani Ga Fasinjoji

A duk faɗin duniya babu hukumar jirgin ƙasa da ta kai ta yankin Madawa, Buza da Keita tsare kuɗin tikiti. Tun daga ranar 3 ga Agustan 1960 da Nijar ta samu ƴancin kai har zuwa safiyar yau, ba a taɓa kama ko mutum ɗaya ya shiga jirgi bai biya ba a waɗannan gundumomi uku na jihar Tawa. Ba a ci tarar kowa ba. Jirgi bai taɓa makara ba, bai taɓa take akuyar kowa ba, bai hana jariri barcin rana ba. A birnin Faris, inda suke taƙama da ilimin dogo, matasa na tsallake shingen tasha, ma'aikata na bin su da takardar tara. Masana sufuri da ke neman sirrin nasarar wannan yanki na Adar su huta da bincike, don sirrin a fili yake: babu jirgin. Akwai masu ganin wannan naƙasu ne. Mu dai bayani ya kawo mu.

Kada mai karatu ya zaci Nijar baƙuwa ce a harkar. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakaninta da Dahome, wadda aka fi sani da OCBN bayan Dahome ta koma Benin. Hukumar ce ta riƙa kula da dogo mai tsawon kilomita 438 daga Kwatano zuwa Faraku. Nijar tana da haƙƙi a ciki, tana da wakilai, ana kiran ta taro. Abu ɗaya kawai ta rasa, wato ko taku ɗaya na dogon a cikin ƙasarta. Kaya in sun iso Faraku sai a juye su cikin manyan motoci su haura ta Gaya. An shafe fiye da shekara hamsin a haka, kuma hakan ya ba ƙasar gogewa sosai wajen tafiyar da jirgin ƙasa daga nesa, wanda kowa ya san ya fi tsabta.

Ta yamma ma an nufo mu. Dogon Abijan ya iso Wagadugu a 1954, sannan a 1985 Shugaba Thomas Sankara na Burkina Faso ya tara jama'a suka shimfiɗa ƙarfe da hannu suka nufi garin Kaya, a nan dogon ya tsaya yana hutawa. Dattawan Tamaske da Garhanga da suka je biɗa Abijan sun hau wannan jirgi, don haka a yankin akwai ƙwararrun fasinjoji, sun san yadda ake riƙe tikiti da yadda ake leƙe ta taga. Ma'aikata ne da ƙarfe ba su iso ba tukuna.

Sai ranar 7 ga Afrilun 2014, Shugaba Mahamadou Issoufou, wanda haifaffen Dandaji ne a gundumar Illela, wato maƙwabcinmu na jiha ɗaya, ya buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ya kama aiki. Ranar 29 ga Janairun 2016 aka yi bikin isar dogo Doso, kimanin kilomita 140 daga Yamai. Zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo ranar 21 ga Fabrairu, mako uku bayan bikin, abin da ya kamata mai hankali ya ɗauka dacewa ce kawai. Shirin shi ne wannan guntu ya zama ɓangare na babban zobe da zai haɗa Kwatano, Yamai, Wagadugu da Abijan. Amma wani attajirin Benin, Samuel Dossou mai kamfanin Petrolin, ya ce tun da farko shi aka ba aikin ɓangaren Faraku zuwa Doso, ya kai ƙara, kotun Benin ta ba shi gaskiya. A 2018 Shugaba Patrice Talon na Benin ya nemi duka biyun su janye a ba ƴan Sin. Tsakanin Faraku da Doso ya zauna babu ƙarfe, dogon da aka gama ya haɗa gari biyu da babu mai teku a cikinsu, kuma ba a fara jigilar fasinja ta yau da kullum a kansa ba. A nan ma ba a samu rahoton wanda ya shiga bai biya ba.

Yanzu ga batun karɓar kuɗi, wanda shi ne ya fi damun hukumomi a ko'ina. Masu jirgi sun gwada dabaru iri-iri. A Legas, da aka fara jigila a layin da suke kira shuɗi a Satumban 2023, sai da katin Cowry ake wuce ƙofa. A layin Abuja zuwa Kaduna, masu saye tikiti su ɓoye su sayar da tsada sun addabi jama'a har aka koma sayarwa ta intanet a farkon 2021. Jirgin cikin garin Abuja kuwa, Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi ranar 12 ga Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi ranar 29 ga Mayun 2024, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekara. Wannan dabara tana da ƙarfi, don in babu kuɗin biya babu mai ƙin biya, kuma ƙasar Lukzambur ta bi ta tun 2020. Abin da Adar ta yi shi ne ta ƙara taku ɗaya a kan na Abuja da Lukzambur. Su sun soke kuɗin. Mu mun haɗa da jirgin.

Sai dai jama'a ba su daina tafiya ba, kuma a nan ne ya kamata baƙi masu nazari su buɗe littafinsu. Tsarin da ke ɗaukar mutane daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, ko zuwa kasuwar Tunfafi ranar cin ta, yana da ma'aikata uku: ɗan kamasho, direba, da karen mota. Ɗan kamasho shi ne sashen talla da hulɗa da jama'a. Aikinsa ya tabbatar maka saura mutum ɗaya mota ta tashi, kuma yana iya tabbatar maka da hakan tun daga hantsi har azahar ba tare da muryarsa ta canza ba. Jadawalin tashi bai taɓa saɓawa ba, domin lokacin tashi shi ne lokacin da mota ta cika, ita kuwa cika ba adadin kujeru ke nuna ta ba. Ƙofa ce, in ta ƙi rufuwa sau biyu.

Karen mota shi ne sashen kuɗi, sashen shari'a, da kotun ɗaukaka ƙara. Ba ya tambayar kowa kuɗi a tasha, inda mutum ke da ƴan'uwa da hanyar gudu. Yana bari sai an bar gari, an hau fako, babu inuwa babu rijiya, sannan ya miƙo hannu ta saman kawunan jama'a ya ce, “Ku kawo kuɗɗinku.” Bai san na'ura ba, bai riƙe takarda ba, amma ya san wanda ya shiga a Karofan da wanda ya shiga a Tama, ya san wa ya ba da jika yana bin canji, ya san buhun albasa nawa ke sama da mai kowanne. Tunkiya tana da kuɗinta, kaji in an ɗaure ƙafafunsu ana iya sasantawa, yaro kuwa shekarunsa sun danganta da ko a cinya yake ko a kujera. In wani ya fara lalube aljihu yana duban sama, ba a kiran jandarma. Cewa ake yi, “Kai ba ɗan Malam wane ba ne na bayan masallaci?” Daga nan kuɗi ke fitowa, wani lokaci daga aljihun maƙwabcinsa na kujera, wanda ba zai iya jure a ci mutuncin ɗan garinsu a gabansa ba. Dattijo in ya ce, “Ɗana, dala ɗari ta rage, sai na sai da akuyar,” akan ce, “Ba komai, Baba,” a rubuta bashin a ka, kuma ba a taɓa jin wannan rajista ta ɓace ko wuta ta cinye ta ba. Biranen da ke kashe maƙudan kuɗi kan shinge da na'urar ɗaukar hoto suna ƙoƙarin sayen abin da yaro ɗan shekara goma sha bakwai ke yi yana rataye a ƙofar Hayis da hannu ɗaya. In har jirgi ya zo, shawarata ita ce kada a sayo ƙofar lantarki. A ɗauki karnukan mota aiki, a ba su hula.

To, yaushe zai zo? Wannan tambaya tana da amsa ta lissafi. Daga 1960 zuwa 2016 shekara 56 ke nan, an shimfiɗa kilomita 140, wato kilomita biyu da rabi a shekara. Daga Doso zuwa Madawa ta hanyar Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni kusan kilomita 360 ne. In aka riƙe wannan sauri ba a yi sanyi ba, jirgi zai busa ƙaho a Madawa wajen shekara ta 2160. Mutanen Buza su ƙara shekara ashirin ko fiye, saboda tazara da duwatsu. Mutanen Keita su yi wasiyya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe, kuma ya faɗi sauran maganar don kada a ce bai yi gargaɗi ba.

Akwai fata ta gabas, kuma wannan ta fi kusa. A Fabrairun 2021 Najeriya ta aza harsashin dogon Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal aikin a kan kusan dala biliyan 2, dalar Amurka, ba tamu ta kasuwa ba. Daga Maraɗi zuwa Madawa tafiyar wasu sa'o'i ce kaɗan. Ga inda abin ya yi daɗi. Dogon Doso faɗinsa mita ɗaya ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na Maraɗi milimita 1,435. Tsohon dogon Najeriya, wanda ya iso Kano a 1911 ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kuma fi na Doso kusa da Madawa, milimita 1,067 ne. Ke nan jirage uku ne suka kewaye mu, kuma babu wanda zai iya taka hanyar ɗan'uwansa. In na yamma ya matso na gabas ya matso, dole su haɗu a wani wuri tsakanin Doso da Maraɗi su tsaya suna duban juna, a sauke kaya daga wannan a loda wa wancan. Ina roƙon Allah ya sa a Madawa ne. Ƴan dako za su yi arzikin da jikokinsu za su gada.

Game da tasirin jirgin a kan unguwanni, binciken ya zo da sauƙi. A wasu birane, da an kafa tasha sai kuɗin haya ya tashi, talaka ya tattara ya koma bayan gari, a rushe rumfuna, a yi shekaru ana shari'ar diyya. A Sabon Gida da Azarori da Bangi ba a rushe ko danga ba. Kuɗin fili a kusa da tashar Ibohaman bai motsa ba. Ƙarar da ke tashin mutane da asuba har yanzu ta jaki ce da ta ladan, kuma dukansu an saba.

Wani zai ce ai duwatsun Adar ne suka hana, ƙasar ba ta karɓar babban aiki. Wannan bai yi daidai da abin da ido ke gani ba. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, suna nan tsaye. A 1984 aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, inda mata suka fi yawa a masu aikin: sun ɗauki duwatsu a ka, sun jera su a gangaren tudu don tare ruwa, an dasa miliyoyin itatuwa, ladan kuwa abinci ne. Da ƙarfen dogo aka ba waɗannan mata, da tuni ana rigimar tikiti a Keita. Kuma kayan da za a ɗora wa jirgin ba ƙirƙiro su za a yi ba. Albasar kwarin Tarka da ta Galmi tana tafiya kwana da kwanaki a manyan motoci zuwa Akara da Kumasi da Abijan, wadda ta ruɓe a hanya asarar manomi ce. Ga simintin Malbaza. Ga gawayin Salkadamna, wanda shi ma an aza masa harsashi a 2014, don ita waccan shekara Allah ya yi ta da albarkar harsashi. Jirgin da yankin ke buƙata ba na ɗaukar ma'aikaci daga gida zuwa ofis ba ne. Mai ɗaukar buhu ne, ko da kuwa babu kujera ko ɗaya a cikinsa.

Saura batun ƙorafi. Fasinjan da ke ganin an tauye masa haƙƙi, misali an bar shi yana jira tun zamanin Shugaba Diori Hamani, yana iya rubuta takarda. Tsohuwar hedikwatar OCBN a Kwatano take. Sai ya hau mota daga Madawa zuwa Doso, inda zai iya tsayawa ya ga dogon da idonsa, ya taɓa shi in yana so, sannan ya gangara Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, jama'a suka koma tsallake kogin Kwara a kwale-kwale. In ya tarar da haka, ya tanadi canji a aljihun gaba, ya kuma biya tun a gaɓa. Mai kwale-kwale in ya tambayi kuɗinsa a tsakiyar ruwa ba ya karɓar sunan mahaifi.